Ƙirƙirarriyar Basira da Matsayinmu a Zamaninta



Muna godiya ga ƙungiya da ta ba mu wannan dama ta tsayawa a gaban magabatanmu domin mu yi magana a kan ƙirƙirarriyar basira. Dalilin zaɓen wannan batu ba ɓoyayye ba ne. A ɗakunan kwananmu mun sha ganin ɗalibi ya buga tambayar da malami ya ba shi a cikin wayarsa, kafin ya gama kurɓar shayi amsa ta fito shafi biyu. 'Yan'uwanmu da suka riga mu kama aiki kuma suna ba mu labarin cewa a wasu ofisoshi da ita a ke tsara wasiƙu da rahotanni. Baƙuwar dai ta riga ta shigo gida, har ta shimfiɗa tabarma. Abin da ya rage mana shi ne mu san ko wace ce ita, daga ina ta fito, me ta zo da shi, sa'an nan wane zama za mu yi da ita.

Mece ce ƙirƙirarriyar basira?

Kwamfuta a asalinta na'urar bin umurni ce. A kan rubuta mata ƙa'idoji daki-daki, ta bi su ba ragi ba ƙari, kamar akawun da aka ce ya tara kuɗin da ke shafi ya cire haraji. Irin wannan jerin umurni shi a ke kira algoridim, kalmar kuwa ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khawarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

To, amma akwai ayyukan da mu ke yi kullum waɗanda ba mu iya rubuta ƙa'idarsu. Yaro ɗan shekara uku a ƙauye ya san akuya ya san tunkiya, ko da daga nesa ya hango su. In aka ce ya faɗi ƙa'idar da ya bi, ba zai iya ba, mu ma da mu ke jami'a sai mun yi gumi. Ya koya ne ta yawan gani da yawan gyara. Wannan hanya masana suka ɗauka. A kan nuna wa na'ura hotuna dubbai, kowane an rubuta abin da ke cikinsa. Ta yi canke, in ta yi kuskure a ɗan juya wasu lambobi da ke cikinta, a sake nuna mata wani. Lambobin nan miliyoyi ne, an jera su hawa-hawa bisa kwaikwayon yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa su ke haɗe da juna, ko da ya ke kamannin na nesa ne. Bayan an maimaita haka sau miliyoyi, sai ta wayi gari tana gane akuyar da ba a taɓa nuna mata ba. Ƙirƙirarriyar basira ta zamaninmu galibinta ke nan, watau na'ura mai koyo daga misalai.

Na'urorin da ke yin hira da rubutu ma haka su ke. In muka ce "komai nisan jifa", babu wanda zai kasa ƙarasawa a wannan zaure, domin kunnuwanmu sun sha jin abin da ke biyo baya. Ita ma na'urar an ba ta rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, waɗanda mutum ba zai iya karance su ba ko da zai yi shekara dubu, aka horar da ita a kan aiki guda, watau ta canki kalmar da za ta biyo. Sa'an nan aka sa mutane suna duba amsoshinta suna zaɓar mafi kyau, har ta koyi amsa tambaya cikin ladabi. Abin mamaki shi ne daga wannan horo ta iya fassara, da taƙaita dogon rahoto, da warware lissafi. Amma mu riƙe abu ɗaya: maganar da ta dace da wuri da maganar da ta ke gaskiya ba kullum su ke zama ɗaya ba. Za mu dawo kan wannan.

Taƙaitaccen tarihinta

A shekarar 1950 wani masanin lissafi na Ingila, Alan Turing, ya buga maƙala inda ya kawo wata jarrabawa: a sa mutum ya yi hira a rubuce da wasu biyu da ba ya ganinsu, ɗaya mutum ɗaya na'ura, a ga ko zai iya rarrabe su. A 1956 aka yi wani taro a kwalejin Dartmouth ta Amurka, wanda John McCarthy da Marvin Minsky da Claude Shannon na cikin waɗanda suka shirya shi, kuma daga nan fannin ya sami sunansa. Mutanen farko sun yi zaton nasara na kusa. A 1958 Frank Rosenblatt ya fito da wata na'ura mai koyo daga misalai, a 1966 kuma Joseph Weizenbaum ya rubuta ELIZA, wadda ke juya wa mutum maganarsa ta zama tambaya. Shi kansa ya firgita da ya ga mutane suna buɗe mata cikinsu kamar mai jin tausayinsu.

Alkawuran da aka yi ba su cika ba, domin kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfi, misalan koyo kuma ba su da yawa. A 1973 rahoton James Lighthill ya sa gwamnatin Ingila ta janye yawancin tallafinta, fannin ya shiga fari na shekaru. Duk da haka wasu ba su saki ba. A 1986 David Rumelhart da Geoffrey Hinton da Ronald Williams suka bayyana hanyar gyara lambobin nan hawa-hawa, wadda har yau a kanta a ke tafiya. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta cinye Garry Kasparov, gwanin duniya a darar Turawa.

Babban juyi ya zo a 2012, sa'ad da Hinton da ɗalibansa biyu a Jami'ar Toronto ta Kanada suka lashe gasar gane hotuna da tazara mai yawa, bayan sun horar da na'urarsu da hotuna fiye da miliyan ɗaya. A 2016 AlphaGo ta ci Lee Sedol na Koriya ta Kudu wasa 4 cikin 5 a darar Go. A 2017 masu bincike na Google suka fito da sabon tsari na sarrafa harshe, wanda a kansa aka gina ChatGPT, da kamfanin OpenAI ya sake wa jama'a ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Daga wannan rana ne batun ya fito daga ɗakunan bincike ya shiga aljihun kowa. Abubuwa uku ne suka haɗu suka kawo wannan: intanet ta tara misalai, kwamfutoci sun yi ƙarfi, kamfanoni kuma sun zuba dukiya.

Amfaninta

Rashin adalci ne mu tsaya a nan mu yi ta kushe ba mu faɗi alheri ba. A fannin lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2021 a yi amfani da na'ura wajen duba hoton ƙirji don gano masu alamun tarin fuka daga 'yan shekara 15 zuwa sama. Duk wanda ya san yadda asibitocin karkara ke fama da ƙarancin ƙwararrun masu duba hoto ya san darajar wannan. A fannin kimiyya, AlphaFold ta warware matsalar da ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya, watau gano siffar furotin, wanda sanin siffarsa ke taimakawa wajen haɗa magani. A 2022 aka buɗe wa duniya siffofi fiye da miliyan 200 kyauta, a 2024 kuma Demis Hassabis da John Jumper suka shiga cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel saboda wannan aiki. A fannin noma, akwai manhajar waya mai suna Nuru, wadda Jami'ar Jihar Pennsylvania ta Amurka ta yi tare da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Manomi zai nuna wa wayarsa ganyen rogo, ta gaya masa cutar da ta kama shi, ko da babu intanet a gonar.

Mu ɗalibai ma mun ɗanɗana. Wanda darasi ya shige masa duhu da tsakar dare, ga malami ya tafi gida, ga ɗakin karatu an rufe, yana iya neman a sake yi masa bayani sau goma ba a gaji da shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ajin da ɗalibai suka yi wa malami yawa.

Illolinta

Ta farko ita ce ƙarya cikin natsuwa. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi biyu da kamfaninsu tarar dala 5,000, domin sun gabatar da hukunce-hukunce guda 6 a matsayin hujja, alhali kuwa ba a taɓa yin shari'o'in ba. ChatGPT ce ta shirya musu su, da sunaye da lambobi, su kuwa ba su bincika ba. Na'urar ba ta yi nufin yaudara ba, ta jera kalmomin da suka yi kama da hukuncin kotu ne kawai. In lauyoyi sun faɗa wannan rami, ina ga ɗalibin da ke gaggawar miƙa kundin digirinsa?

Ta biyu ita ce son kai da na'ura ke gada daga misalan da aka koya mata. A 2018 Joy Buolamwini, wadda iyayenta 'yan Gana ne, da Timnit Gebru, haifaffiyar Habasha, suka gwada na'urori uku na kasuwa masu duban fuska su faɗi namiji ne ko mace. Ga maza farar fata kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ga mata baƙar fata kuwa ya kai kusan kashi 35 cikin 100 a wadda ta fi muni. Dalili shi ne yawancin fuskokin da aka koyar da su farare ne. A 2020 'yan sandan birnin Detroit suka kama wani baƙar fata a gaban iyalinsa, ya kwana a tsare, saboda na'ura ta ce fuskarsa ce a hoton wani ɓarawo, ashe ba shi ba ne. Abin da babba ya shuka a cikin misalai, shi na'ura ke girbewa ta zuba a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Ta uku ita ce jabun murya da hoto. A watan Maris na 2022 aka yaɗa wani bidiyo na jabu da ke nuna Shugaba Zelensky na Yukren yana umurtar sojojinsa su ajiye makamai. Mu a nan mun san ƙarfin jita-jita tun kafin wannan fasaha ta yaɗu. A 2018 sai da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya fito da kansa ya ƙaryata masu cewa ya rasu an kawo wani mai kama da shi. In ji-ta-ji-ta ta baki kawai ta kai haka, mu auna abin da zai faru ranar da aka aiko wa iyayenmu muryar wani malami ko wani sarki da su ke girmamawa, tana faɗar abin da bai taɓa faɗa ba, ana saura kwana biyu zaɓe, ko a garin da zaman lafiyarsa ke rataye da zare.

Ta huɗu ita ce batun aiki, wanda ya fi shafar mutanen wannan zaure. A watan Janairu na 2024 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ƙiyasta cewa wannan fasaha na iya taɓa kusan kashi 40 cikin 100 na ayyukan duniya, kashi 60 a ƙasashe masu arziki, kashi 26 a ƙasashe matalauta. Kada ƙanƙantar rabon matalauta ta kwantar mana da hankali. Adadin ya yi ƙasa ne domin yawancin mutanen irin waɗannan ƙasashe manoma ne da makiyaya da masu sana'ar hannu. Mu kuwa teburin ofis muka nufa, inda aikin ya ke tsara wasiƙa, da rubuta bayanin taro, da fassara, da lissafin kuɗi, waɗanda su ne na'urar ta fi gwaninta a kai. Iyayenmu sun ga zamanin da kowace ma'aikata ke da ɗaki guda na masu buga tafireta. Kwamfuta ta zo, ɗakin ya watse, waɗanda suka koyi sabuwar na'ura suka tsira da abincinsu.

Ta biyar ita ce wa ke da riba, wa ke da wahala. Manyan na'urorin nan suna hannun kamfanoni ƙalilan, galibinsu a Amurka da Sin. A watan Janairu na 2023 mujallar Time ta ba da labarin ma'aikata a Kenya da a ke biya ƙasa da dala 2 a awa, suna karanta rubuce-rubuce na ƙazanta da ta'asa suna yi musu alama domin a tsabtace ChatGPT. Ga kuma wutar lantarki. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa manyan rumbunan kwamfutoci sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya a 2024, abin da ya ninka wutar da babban layin Nijeriya ke rarrabawa a shekara kusan sau goma. Ƙasar da ɗalibanta ke karatu da fitilar waya, dole ta san cewa ba a shiga wannan kasuwa da hannu wofi.

Harshenmu a bakin na'ura

Tun da na'ura daga rubutu ta ke koyo, harshen da ya fi rubutu a intanet shi ta fi iyawa. Hausa tana da masu magana miliyoyi daga Kano zuwa Damagaram, daga Kumasi zuwa Sudan, amma rabonta a intanet bai kai yawan mutanenta ba. Ilminmu mai yawa yana bakin tsofaffi, da kaset-kaset na gidajen rediyo, da takardun ajami da ke cikin gafakokin malamai. Google Translate ta fara fassara Hausa tun 2013, kuma duk wanda ya gwada ya ga inda ta ke tuntuɓe. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo siffarsu ɗaya. Mu kuma muna ƙara dagula lamarin da barin ƙugiya, mu rubuta "baki" muna nufin baƙi. Kullum muka yi haka, gurɓataccen darasi mu ke ba na'urar da 'ya'yanmu za su tambaya gobe.

Tarihi ya nuna mana cewa harshe ba ya shiga sabon zamani sai masu shi sun zauna sun yi aiki. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja da Shehu Umar da Ganɗoki, a 1939 kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Mutanen nan sun tarar da injin ɗab'i a hannun baƙi, suka sa shi ya yi magana da Hausa mai daɗi. Irin aikinsu ne ke jiranmu, kuma an riga an fara. Ƙungiyar Masakhane, wadda ta kafu a 2019, ta haɗa 'yan Afirka masu aikin koya wa na'ura harsunan nahiyar, ga kuma ƙungiyar HausaNLP da 'yan'uwanmu suka kafa domin Hausa.

Abin da ya kamata mu yi

Hukumomi sun fara motsawa. A 2021 ƙasashe 193 na UNESCO suka amince da ƙa'idojin ɗa'a na wannan fasaha. Dokar Tarayyar Turai a kanta ta fara aiki a watan Agusta na 2024, Tarayyar Afirka ma ta amince da nata tsarin a watan Yuli na wannan shekara. A Nijeriya an kafa cibiyar ƙirƙirarriyar basira ta ƙasa a Abuja a 2020, an kuma sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a 2023. Amma doka a takarda ta ke, mutane ke aiki da ita, mutanen kuwa mu ne nan da 'yan shekaru.

Saboda haka muna ba kanmu shawara huɗu. Ta farko, mu koyi na'urar nan sosai, ɗan sashen Hausa da ɗan sashen shari'a da ɗan sashen lissafi, domin gudunta ba zai hana ta zuwa ba. Ta biyu, kada mu ba ta aikin da aka ba mu don mu koya. Malami ba ya ba da jinga don yana bukatar amsar, ya riga ya san ta, so ya ke ƙwaƙwalwarmu ta yi ƙwari. Wanda na'ura ta yi wa karatu shekara huɗu zai fita da takardar shaida, amma ba zai iya gane kuskurenta ba, ma'aikacin da bai iya gane kuskuren na'ura ba kuwa shi za a fara sallama, don ba abin da ya ƙara a kanta. Ta uku, ga 'yan'uwanmu ma'aikata: kada a zuba asirin ofis ko sunayen jama'a a cikin na'urar da ba a san inda ta ke ajiye su ba, kuma duk takardar da za ta shafi albashin wani, ko filinsa, ko 'yancinsa, mutum ya karanta ta da idonsa kafin ya sa hannu. Ba a ba na'ura takardar tuhuma, mai sa hannu a ke ba. Ta huɗu, mu yi rubutu da Hausa, da ƙugiya da ƙa'ida, a kan kimiyya da shari'a da noma da tarihi, mu kuma roƙi sassan harsunanmu su jagoranci tattara maganganun tsofaffi da takardun ajami, da yardar masu su.

Shugaban taro, muna roƙon ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti a wannan zango, wanda zai zauna da malamanmu a fitar da ƙa'ida bayyananniya kan inda ya halatta ɗalibi ya yi amfani da wannan na'ura da inda bai halatta ba, domin a halin yanzu kowa na tafiya ne a duhu, mai gaskiya na tsoro, mai ha'inci na cin karensa ba babbaka.

Abin da muka faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda muka yi kuskure kuma ga malamanmu nan, su gyara mana.